Gyaɗa, allura da albasa: takardar da ke yanke farashin magani

Laccar da aka gabatar a garin Gure, jihar Damagaram, a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

 

Maganar yau ta shafi wata takarda ce wadda galibin mutanen Gure ba su taɓa gani ba, mai yiwuwa kuma ba za su gan ta ba har abada. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kantin magani da takardar likita a hannu, ya ji farashi, ya koma yana laluben aljihu, to ya riga ya gamu da ita ko bai sani ba. A birnin Yawunde na ƙasar Kamaru ake ajiye ta. Sunanta takardar mallakar ƙirƙira. Da Faransanci sunanta ɗaya da takardar da ɗan kwaleji ke samu in ya ci jarrabawar ƙarshe, watau birebe, sai dai ita wannan manyan kamfanoni ne ke takararta, kuma a kanta ake kai ƙara kotu a kashe miliyoyi.

Abin da wannan lacca ke son kafawa abu guda ne. Takardar nan ba ƙaddara ba ce. Yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla, tana da wa'adi, tana da ƙofofi, kuma a halin yanzu doka ta buɗe wa Nijar babbar ƙofa har zuwa ranar 1 ga Janairun 2033. Abin tambaya shi ne ko ƙasar za ta taka ta shiga kafin a rufe. Kaya uku da kowa ya sani za su isa shaida: gyaɗa, allurar sanƙarau da albasar Galmi.

Mece ce takardar?

Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Wanda ya gano sabon magani, ko sabuwar hanyar haɗa shi, sai ya rubuta sirrinsa dalla-dalla ya miƙa wa hukuma, ta buga kowa ya karanta. Ladansa shi ne a hana kowa haɗa abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi ƙasa, sai da izininsa, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya ajiye buƙatarsa. In wa'adi ya cika, sirrin ya zama na kowa. Ba a ba da takardar sai abin ya cika sharaɗi uku: ya zama sabo, ya zama ba abin da duk wani gwani a sana'ar zai iya hangowa ba ne cikin sauƙi, kuma ya zama ana iya ƙera shi a masana'anta.

Hujjar masu kamfanoni ba ta wasa ba ce, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane ta. Neman sabon magani na cin shekaru da dukiya mai yawa, kuma mafi yawan abin da aka gwada faɗuwa yake yi a hanya. In duk wanda ya ga dama zai kwaikwayi wanda ya yi nasara washegari, wa zai sake zuba jarinsa? Amma ɗan kasuwar nan kuma ya san abin da ke faruwa ran da mutum guda ya riƙe hatsin kasuwa shi kaɗai a tsakiyar bazara: farashi sai abin da bakinsa ya faɗa. Bambancin kawai shi ne mai sayen atamfa yana iya haƙura ya koma gida, uwar da ɗanta ke kwance kuwa ba ta da wannan zaɓi.

Akwai kuma abin da ya kamata fatake su riƙe. Takardar ba ta ƙetare iyaka. Wadda aka bayar a Faransa ba ta da ƙarfi a Nijar sai an yi rajistarta a inda dokar Nijar ta sani. Wadda ke aiki a Gure ba lalle ta yi aiki a Nguru ko Gashuwa ba, domin Najeriya tana da dokarta ta kanta tun 1970, ba ta cikin ƙungiyar da Nijar ke ciki.

Yadda Nijar ta ɗaure kanta, da yadda aka sassauta

Nijar ba ta da ofishin da ke ba da wannan takarda ita kaɗai. Tun 1962, a birnin Librebil, ta haɗu da wasu ƙasashen da Faransa ta raina suka kafa ofis guda. A 1977 aka sake ƙulla yarjejeniyar a Bangi, ƙungiyar ta ɗauki sunan OAPI. Ƙasashe 17 ne a cikinta, kuma takarda guda da aka sa wa hannu a Yawunde tana aiki a dukansu.

Dokar 1977 tana da wani sharaɗi mai hikima. Shekara 10 kawai take ba mai takarda, ba a ƙara masa sai ya nuna yana ƙera abin a cikin ƙasashen ƙungiyar. Sai zamani ya juya. A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa har farashin maganin Turai ya ninka a dare ɗaya, ƙasashen duniya suka sa hannu a Marakesh a kan yarjejeniyar ADPIC, wadda ta wajabta wa duk membobin ƙungiyar ciniki ta duniya, OMC, su kare magunguna shekara 20. Nijar ta shiga OMC a 1996. An ba ƙasashe matalauta irinta jinkiri har 2006, amma ƙungiyar OAPI ba ta jira ba: a 1999 ta gyara yarjejeniyar Bangi, ta mai da wa'adi shekara 20, ta kuma yarda cewa shigo da kaya daga waje ya wadatar, ba sai an ƙera a gida ba. Gyaran ya fara aiki a 2002. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi ta gargaɗi a lokacin cewa ƙasashen suna ɗaukar kayan da ba a ɗora musu ba tukuna. Watau dai an ba mutum bashi da wa'adi, shi kuwa ya ruga ya biya tun kafin girbi.

A daidai wannan lokaci duniya ta rikice a kan maganin sida. Maganin shekara guda na mutum ɗaya ya haura dalar Amurka dubu 10. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da irinsa a kan dala 350. Kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu ƙara saboda dokarta ta neman magani mai rahusa suka janye a watan Afrilun shekarar, don kunyar duniya. A watan Nuwamba, a Doha, ƙasashen OMC suka amince a rubuce cewa lafiyar jama'a tana gaba, kuma kowace gwamnati tana da ikon ba wani izinin haɗa magani ko mai takarda bai yarda ba, muddin an biya shi wani abu. Wannan shi ake kira lasisin dole. Aka kuma ɗauke wa ƙasashe mafi talauci nauyin kare takardun magunguna har 2016, daga baya aka ƙara zuwa 2033. A watan Disamban 2015, a Bamako, OAPI ta sake gyara dokarta ta shigar da wannan sassauci, sabuwar yarjejeniyar ta fara aiki a 2020. Ƙofar da aka ambata tun farko ke nan.

Labarin gyaɗa

Babu uwa a karkarar Gure, daga Bune zuwa Kelle, daga Gidigir zuwa Gamu, da ba ta san ƴar ledar nan da ake ba yara masu tamowa a gidan likita ba. Sunanta na kasuwa Plumpy'Nut. Nauyinta giram 92. Abin da ke ciki markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce, da sukari, da mai, da garin madara, da sinadaran gina jiki. Yaro na shan kamar kwali guda mai leda 150 cikin mako shida zuwa takwas ya miƙe.

Kafin zuwanta, yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi asibiti na makonni ana dama masa madara ta musamman. Madarar na son ruwa mai tsabta, in ta daɗe a dame kuma ta lalace. Uwa ta bar gona, ta bar sauran yara, ta zauna jinya, gadajen ma ba su isa ba. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, na cibiyar binciken da a yau ake kira IRD, tare da Michel Lescanne mai kamfanin Nutriset da ke kusa da birnin Ruwan na Faransa, suka gano dabara: a zuba abin da ke cikin madarar a cikin maiƙon gyaɗa. Da yake babu ruwa a ciki, ƙwayoyin cuta ba su samun wurin hayayyafa, ledar na shekara biyu ba firji, yaro na tsotsa da kansa a gindin uwarsa. A 1997 kamfanin da cibiyar suka ajiye buƙatar takardar mallaka, daga baya suka yi rajistarta a ƙasashe da dama, har da na OAPI.

A Nijar ne duniya ta ga ƙarfin abin. Bayan fari da farin ɗango na 2004, yunwar 2005 ta sauka. Ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 a shekarar, galibinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu a gida, kuma sama da kashi 90 cikin 100 suka warke. Ba a taɓa yin irin haka ba. Mahukuntan wancan lokaci sun ƙi a kira abin yunwa, har a 2008 aka dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi, amma dabarar ta riga ta zauna. A 2007 hukumar lafiya ta duniya, OMS, da UNICEF da PAM suka amince da jinyar tamowa a gida, buƙatar ledar ta yi tashin gwauron zabo.

Nan rigima ta tashi. Abin da yaran Sahel ke rayuwa da shi yana hannun kamfani guda. A 2009 MSF ta rubuta wa Nutriset buɗaɗɗiyar wasiƙa tana neman ya sassauta, bayan ya ja kunnen wani kamfanin ƙasar Noweji da ke yin irin abincin. A ƙarshen shekarar wasu ƙungiyoyin agaji biyu na Amurka, Mama Cares da Breedlove, suka kai ƙara suna neman a soke takardar, hujjarsu ita ce haɗa gyaɗa da madara da sukari ba wata ƙirƙira ba ce. Kotu ta kori ƙarar. Amsar Nutriset kuwa ta cancanci a saurare ta, domin ta shafi manomin gyaɗa na Matamaye da Magarya kai tsaye. Kamfanin ya ce in babu takardar, manyan masana'antun Amurka, masu rarar gyaɗar da gwamnatinsu ke tallafa wa, za su cika Afirka da kayansu, ba wani ɗan Afirka da zai iya kafa masana'anta. Da takardar ne, in ji shi, ya ba kamfanonin gida izini ya kuma tsare musu kasuwa. Ɗaya daga cikin na farkonsu shi ne STA na Yamai, wanda ya fara yin ledar a 2005. Daga baya aka samu irinsa a Barkina Faso da Kano. A 2010, da matsi ya yi yawa, Nutriset ya buɗe wa kamfanonin ƙasashe masu tasowa izinin amfani da takardar, bisa sharaɗin su biya IRD kashi 1 cikin 100 na cinikinsu.

Tsakanin 2017 da 2018 wa'adin takardar ya cika, ta mutu. Yau duk wanda ya iya yana da damar yin ledar. UNICEF, wadda ke sayen kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da duniya ke yi, ta tashi daga mai sayar mata guda ɗaya zuwa sama da 20. To, mai sauraro zai ce, ashe magana ta ƙare. Ina fa! Kwali guda bai bar wajen dalar Amurka 40 zuwa 50 ba, kuma sau da yawa wanda aka yi a Afirka ya fi na Turai tsada. Dalili a fili yake. Garin madara, wanda ya fi komai tsada a haɗin, daga waje ake shigo da shi, alhali ƙasar cike take da shanu da raƙuma. Sinadaran daga waje, ledar daga waje, lantarki da tsada, bashin banki da tsada. Ita kanta gyaɗar, in ba a shanya ta da kyau ba, ta yi fumfuna, tana ɗauke da wani dafi mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, masana'anta kuma ba ta karɓarta. Bugu da ƙari, ba gwamnatocin Sahel ne ke biyan mafi yawan kuɗin ba, masu ba da agaji ne. Da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, nan take ledar ta yi wuya a wurare da dama na yankin.

Darasin gyaɗa ke nan. An shekara goma ana faɗa da takarda, takarda ta tafi, tamowa tana nan. Abin da ya hana Nijar ciyar da ƴaƴanta da gyaɗarta da madararta ba ya Yawunde, yana cikin gida.

Labarin allura

Sanƙarau ba baƙo ba ne a Damagaram. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum kimanin dubu 250 a yankin Sahel, ta kashe kimanin dubu 25. Allurar da ake da ita a lokacin kariyarta ba ta daɗewa, ba ta kuma yi wa jarirai aiki sosai. Ilimin yin wadda ta fi ta yana nan a Turai da Amurka, sai dai manyan kamfanoni ba su ga riba a kasuwar talakawa ba.

A 2001 OMS da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman da kuɗin gidauniyar Gates. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne daga farashi aka fara. Masu shirin sun zagaya ma'aikatun lafiya na Afirka, kuma wani babban jami'in ma'aikatar lafiya ta Nijar ya gargaɗe su cewa allurar da ƙasa ba ta iya saye ta fi rashin allura muni. Aka tsai da magana: kada ta kai rabin dalar Amurka. Dabarar haɗin tana hannun masanan wata hukumar gwamnatin Amurka, kuma tana da takardar mallaka. Maimakon a kulle ta, sai aka ba da lasisinta cikin sauƙi ga kamfanin Serum Institute na Indiya, aka koya wa ma'aikatansa aikin. A watan Disamban 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Barkina Faso, Mali da Nijar. An yi wa mutum sama da miliyan 300 a faɗin yankin, kuma nau'in A na cutar, wanda shi ne ke haddasa manyan annoba a da, kusan ya ɓace.

Sauran nau'o'in ba su ɓace ba. A 2015 nau'in C ya kama mutum kimanin dubu 8 da ɗari 5 a Nijar, sama da 500 suka rasu, kuma daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya sake ɓullowa a jihar Damagaram. Da irin waccan hanya aka samar da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, OMS ta amince da ita a 2023, Najeriya da Nijar suka fara amfani da ita a 2024.

A nan takardar mallaka ba ta hana komai ba, don an zauna an yi ciniki a kanta tun kafin a kunna injin. Takarda wuƙa ce: mahauci na da ita, ɗan fashi na da ita. Abin lura kuma shi ne Afirka ta faɗi farashi, amma Indiya ce ta ƙera. Indiya kuwa ba ta kai nan da sa'a ba. Daga 1970 zuwa 2005 dokarta ba ta kare magani kansa, sai hanyar haɗa shi kawai, kuma cikin shekarun nan 35 ta gina masana'antun da yau ke cika kantunan Afirka. Irin wannan dama ce Nijar ke riƙe da ita yanzu.

Jenerik daban, jabu daban

Wajibi ne a raba abu biyu da ake cakuɗawa a kasuwa. Maganin jenerik shi ne wanda wani kamfani ya haɗa bisa doka bayan takarda ta mutu, ko da lasisi, da sinadari iri ɗaya, da awo iri ɗaya, hukuma ta gwada ta amince. Mafi yawan magungunan da OMS ta lissafa a matsayin na dole, irin su farasitamol da amoksisilin, takardunsu sun daɗe da mutuwa. Jabu kuwa ƙarya ce a cikin kwali: alli, ko ruwa, ko rabin awo. A annobar 1995 an yi wa mutum sama da dubu 50 a Nijar allurar sanƙarau ta jabu, a 2015 ma OMS ta yi shelar cewa irinta na yawo a ƙasar.

Saboda haka sassaucin 2033 ba izini ba ne ga mai tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana. Ɗan kasuwar da ya ɗauko katan-katan na magani ba tare da sanin asalinsu ba, ya biyo da su ta bayan duwan, bai karya ikon wani kamfanin Turai ba, maƙwabcinsa ya cuta. Wanda ke son shiga wannan sana'a, hanyarta ita ce lasisi, da masanin harhaɗa magani, da gwajin ɗakin binciken LANSPEX na Yamai.

Labarin albasa

Saura ɗaya gefen, watau ranar da abin gida ne wani ke son mallaka. A 2009 manoman Nijar suka samu labarin cewa wani kamfanin iri na Sanigal, Tropicasem, ya nemi OAPI ta ba shi takardar mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi, albasar da manoman jihar Tawa suka yi zamani suna zaɓen irinta. Ƙungiyoyin manoma da gwamnati suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan ya koma wani. Sai a 2023 aka miƙa wa Nijar takardun shaidar asali na albasar Galmi da kilishin Nijar, tare da tambarin gamayya na cuku da na fatar jar akuyar Maraɗi. Shekara 14 tsakanin farkawa da samun takarda.

Misalin bedi ya fi kusa, tunda inuwarsa ce ake sha a titunan Gure. A shekarun 1990 ofishin Turai ya ba wani kamfanin Amurka, tare da ma'aikatar noma ta ƙasar, takarda a kan maganin fumfunar shuka da ake yi da man ƴaƴan bedi. Mutanen Indiya suka kawo shaida cewa sun daɗe suna yin haka. A shekarar 2000 aka soke takardar, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Abin da ya ci shari'ar shi ne shaida: abin da aka riga aka sani ba sabo ba ne, amma sai an iya nunawa. Alƙalin Turai ba ya karɓar “kakanni sun faɗa”.

Ƙasar Muniyo tana da abin karewa: kanwa da gishirin kwaruruka, dabinon da ke cikinsu, ƙaro, goruba, irin gero mai jure fari, da sanin itatuwa da saiwoyi da ke kan tsofaffin Manga, Fulani, Tubawa, Buzaye da Hausawa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ta amince da ita, ta ce ba a ɗaukar irin wannan dukiya sai da izini da rabon amfani. A watan Mayun 2024 kuma, a Janeba, aka ƙulla wata da ke neman mai buƙatar takarda ya bayyana inda ya samo tsiro ko ilimin da ya yi aiki da shi. Amma duk waɗannan ba su kare abin da ba a rubuta ba. Kowane tsoho masanin magani da ya rasu ba a ɗauki iliminsa da sunansa da garinsa ba, shaida ce ta tafi kabari.

Abin da ya rage kafin 2033

Magungunan gobe sun fi na jiya tsada nesa ba kusa ba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin amosanin jini na farko da ke gyara ƙwayar halittar majiyyaci, farashinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200, watau sama da miliyar ɗaya na sefa ga mutum guda. Dabarar da aka yi shi da ita ma jami'o'in Amurka sun shekara da shekaru suna shari'a a kan wanda ya mallake ta. Mafi yawan masu wannan ciwo kuwa a Afirka ake haifarsu. Ƙasar da ba ta koyi haɗa ruwan ƙarin jini da maganin zazzaɓi ba, da wane baki za ta shiga wancan ciniki?

Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya nuna wa kowa inda rauni yake. Kwantenonin magani suka maƙale a tashar Kwatano da bakin iyaka, kantuna suka fara yashewa. Ba takardar mallaka ce ta tsare su ba. Ƙasa ce da ke sayo mafi yawan maganinta daga waje, fiye da shekara 60 bayan kafa ONPPC. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Don haka aiki ya rabu. Mahukunta su fito fili su shaida wa masu shigo da magani da masu niyyar ƙerawa cewa Nijar na amfani da sassaucin da dokar Bangi ta ba ta, domin haƙƙin da ma'aikacin duwan da na ma'aikatar lafiya ba su san da shi ba, kamar babu shi ne. Su sauke haraji a kan kayan haɗi da injuna, don kada kayan da aka gama a waje su fi na gida arha. Su sa kuɗin abincin masu tamowa a kasafin ƙasa, su ƙarfafa ɗakin gwaji. Ma'aikatan gidan gona su koya wa manoma shanya gyaɗa da adana ta yadda masana'anta za ta karɓa. Alhazan da ke da jarin sayen tireloli goma su duba ko ɗaya daga ciki ba za ta zama injin busar da madara ba. Ƙungiyoyin masu kanwa da masu dabino su nemi wakilin OAPI da ke ma'aikatar masana'antu a Yamai, su tambayi yadda Galmi ta samu tata takardar, su fara tattara shaida tun yau. Malaman makaranta da ɗaliban jami'ar Damagaram su zauna da tsofaffi, da izininsu, su rubuta.

Wa'adin nan an taɓa ƙara shi sau ɗaya, daga 2016 zuwa 2033, amma babu wanda ya yi alkawarin za a sake. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi: Indiya ta fara tun 1970. Yaron da aka haifa a Gure a shekarar da aka gyara doka a Bamako zai cika shekara 18 a shekarar da ƙofar za ta rufe, kuma yana da ikon tambayar iyayensa abin da suka yi da ita.